Ruwa a Kafireta, Kawu a Baya

Mun tashi da asuba daga unguwar Bonamoussadi, na ɗauko kawuna a bayan ƙaramin babur ɗina, ruwa na yayyafi. An bugo waya cewa jikin yayarsa, babbar yayar mahaifiyata, ya yi tsanani a unguwar New Bell, tana ta kiran sunansa. Shekara goma sha biyu ke nan ba sa ga-maciji, tun da ya sayar da garejin mahaifinsu bai shawarce ta ba. Ni dai burina in kai shi ya same ta da rai.

Ruwa ya cinye hanyar da na saba bi, sai muka zaga ta Ndokoti. Can kuwa sai wanda ya gani. 'Yan acaba sun cushe kamar tururuwa, kowa na danna oda, kowa na zagin na gabansa da Faransanci. Mai ya yi ƙasa, layin gidan mai kuma ya kai titi, sai na sayi kwalba ɗaya a bakin hanya, har da ƙarin sefa ɗari kan kuɗin da na sani. Kawu ya dubi kwalbar, ya dube ni.

Daf da kasuwar Dakar babur ya fara tari, ya yi shessheƙa, ya mutu. Na tura shi ƙarƙashin rumfar wata mai suyar fanke da wake. Na ce Kawu ya hau acaba ya yi gaba, ya ce tun da suka kayar da shi bara ya rantse ba shi ba su. Ya nemi benci ya zauna, har da sayen fanke!

Ni ma'aikacin ofis ne, ilimina na kanikanci bai wuce abin da nake kallo a waya ba. Na kwance fulogi na goge, na mayar, shiru. Na buɗe abin tace iska na kakkaɓe, shiru. Waya na ta ruri a aljihuna, ina tsoron ɗauka. Gumi da ruwan sama suka haɗu a wuyana. Shi kuwa mutumin da ya shekara talatin yana gyaran babura yana zaune yana kallon masu sauke buhunan rogo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tambaye shi ko bai ga abin da nake ciki ba ne.

Sai ya ce, "Tun tarin farko na san ruwa ne a man. Ɗana, tsoro nake ji. In ta juya min baya fa?"

Na ce masa gara ta juya masa baya da a ce bai je ba. Ya miƙe, ya karɓi sukundireba. Ya rufe mai, ya sa na riƙe gwangwani, ya sassauta ƙusar da ke gindin kafireta. Ruwa ya fara fitowa, ya kwanta a ƙasan gwangwanin, fetur na yawo a kansa. Ya cire kofin da ke ƙasan kafiretar, ya zare wata 'yar ƙusar tagulla mai huda, ya hana ni zura mata waya, wai zan faɗaɗa hudar babur ya riƙa zuƙar mai. Da baki ya hure ta, ya ɗaga ta sama har ya ga haske. Muka juye sauran man tankin, na ruga wani gidan mai na kusa na sayo sabo muka zuba, bugu biyu ya tashi.

Lungunan New Bell duk taɓo, masu tsire ba su ma hura wuta ba. Muka tarar da mata cike da tsakar gida, amma ba kuka. Kawu ya durƙusa a bakin gado ya kama hannunta. Idonta a rufe, ta ja numfashi, ta ce:

"Warin fetur. Auta, har yau ba ka koyi wanke hannu ba?"

Ya fashe da kuka, ta riƙe hannun nan gam. Na fice na ba su wuri.

Bayan la'asar na koma gida ni kaɗai, ya ce ba inda za shi. Na koyi zubar da ruwa daga kafireta, na kuma daina sayen man kwalba da damina. Abin da ban manta ba shi ne rabin awar da muka ɓata a rumfar fanke, domin ta cika ne washegari da hantsi, yana zaune a gefenta.