Ƙasar da Ba Ta Shanye Ruwa

Ranar kasuwar Gidan Amumune ce, cikin watan Nuwamba na 1984, mahaifina ya hau wata babbar mota shaƙe da fatun shanu. Fata ce kaɗai abin da ya yi yawa a shekarar, don dabbobi faɗuwa suke ta yi. Ina tsaye riƙe da gefen zanen kakata, warin fatun na hawa mini kai, shi kuma yana can sama ya danne ƙunshin kayansa da gwiwa yana neman inda zai sa ƙafa. Ban kai shekara goma ba a lokacin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwani yake ce mini. Da direba ya tada mota sai ya leƙo ya ce, "Uwani, ki kama ma tsohuwa aiki. Ruwa na sauka kuna ganina." Na gyaɗa kai kawai, don na san in na buɗe baki kuka ne zai fito. Kaka ko kallon motar ba ta yi ba. Ɗan farinta ne, kunya ba ta barin ta ambaci sunansa, balle ta tsaya ɗaga masa hannu a bainar jama'a. Juyawa ta yi tana taya wata ƙwarya da ba ta da niyyar saye, har ƙarar motar ta ɓace.

Mu uku ne a gidan kafin ranar, muka koma mu biyu. Mahaifiyata ta rasu ina goye, Kaka ce ta raine ni da kunu da nonon akuya. Ƙauyenmu yana bisa wani dogon tudun rairayi a kan hanyar Issawane, gonakin kowa kuma jigawa ce, ƙasa mai laushi wadda in ruwa ya sauka da hantsi kafin azahar ta shanye shi. Amma a gindin tudun, ta gabas, akwai wani kwari da ya faɗo cikin gadonmu, wanda ba mai yi mana hassadarsa. Baƙar laka ce. Duk ruwan da ya gangaro daga tudu nan yake taruwa ya kwanta, bai shiga ƙasa ba, bai wuce gaba ba, sai rana ta gaji ta ƙafar da shi. Giyayya da bagaruwa da kanya sun cika wurin, sun haɗa kai har ko da tsakar rana akwai duhu-duhu a ciki. Gero ba ya yi a can. In an shuka sai ya fito kore shar kamar abin arziki, sannan ganyen ya koma ruwan ɗorawa, saiwar ta ruɓe. Da damina lakar na tuɓe wa mutum takalmi, da rani ta tsattsage har ƙafar ɗan akuya na faɗawa ciki. Kaka takan ce, "Ƙasar nan rowa gare ta, ba ta sha ba, ba ta ba wani ba." Mu yara dai muna son wurin, don can muke ɗibar yumɓun da muke gina tukwanen wasa da shanu masu ƙahon ƙaya, can kuma muke tsintar kanya mu cika bakin zane.

A wannan shekara ko kwarin bai ga ruwan kirki ba. Geron jigawa ya tsaya a gwiwa ya bushe a tsaye, ba wanda ya ɗaure dami. Iyakar Najeriya a rufe take, amma maza suka yi ta bi ta daji suna tsallakawa. Mahaifina da amininsa Baba Sha'aibu sun ji labarin aikin saran daji can kudancin Kamaru, kusa da teku, can suka nufa. Bayan maza sai gidaje sukutum suka fara tashi. Wata safiya na je kiran ƙawata Tsahara mu tafi rijiya, na tarar an kare ƙofar gidansu da ƙaya, turminsu a kife a tsakar gida. Ba wanda ya yi mini sallama. Dandalin da muke gaɗa ya zama makwancin karnuka. A lakwal, makarantar bokonmu, muka ragu har malaminmu ya haɗa mu aji guda, kowa da bencinsa shi kaɗai, in an tashi ɗaga tuta da safe muryoyinmu ba sa kai wa bakin danga. Na koyi yin carafke ni kaɗai, hannun dama na karawa da na hagu. Abincinmu anza ce, wadda ake jiƙawa ana canja mata ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, sai ganyen jiga, sai jar dawar taimako in an yi sa'a motar ta iso.

Cikin sanyin shekarar ne waɗansu mutanen gwamnati masu kaki suka zo da mota, suka tara waɗanda suka rage, suka ce kowa ya gangara inda ke da damshi ya yi noman rani. A duk karkararmu kwarinmu ne kaɗai ake sa ran ruwa a kusa. Tsofaffi da mata da mu yara muka taru muka gina ƴan rijiyoyi tsakanin itatuwan. A nan na fara ganin cikin ƙasar. Sama baƙa ce, cike da ruɓaɓɓen ganye. Ƙasa da ita sai ta koma launin toka, mai danƙo, da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa, tana wari irin na ƙwan da ya lalace. Ruwan da ya tsattsafo ba daɗin sha, amma ruwa ne. Lakar ba ta karɓar iri haka nan, sai mun yi ta jido rairayi daga tudu da ƙwarya muna cuɗawa da kashin awaki. Da wannan muka samu kabewa da ɗan dankali da yakuwa, muka ga bayan rani. Kullum in muna ban ruwa ina lissafa abin da zan nuna wa mahaifina in ya dawo, har na ɓoye masa wata kabewa a ƙarƙashin gadon kara, ta zauna a nan har ta ruɓe.

Damina ta zagayo, ta kuma zo da ƙarfi. Maza suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu a ƙafa, wasu a amalanken jaki. Duk yamma in na kora awakinmu biyu da suka tsira sai in hau kan tudu in tsaya ina duban hanya, in na hango mai ƙunshi a kai gabana ya faɗi, har ya matso in ga uban wata ne. Kaka ba ta taɓa tambayata abin da nake yi a can ba, amma na lura in ta dama fura takan rage wata a ƙwarya ta rufe da faifai, sai gari ya waye ta ba ni. Maƙwabta suka taimaka mana da shukar jigawa. Ƴar dawar da muka gwada a bakin kwari kuwa ruwa ya kwanta mata, ta yi ɗorawa ta mutu, rijiyoyinmu suka rufta suka zama kududdufai.

An gama yankan gero Baba Sha'aibu ya iso, shi kaɗai. Da hantsi ne, muna sussuka. Ya rame har sai da ya yi sallama na gane shi. Ya durƙusa nesa da Kaka, ya ajiye ƙunshin nan da na sani a gabanta, ya ce, "Inna, sai haƙuri. Allah ya yi mishi cikawa. Masassara ce, ba ta ɗau kwanaki ba." Kaka ta jingine taɓarya a hankali ta zauna a ƙasa. Sannan ta ce, "An yi mishi sutura yadda ta kamata?"

Da wani ne da ya ce i ya wuce wurin. Baba Sha'aibu ba ya iya ƙarya, kuma ina jin abin ya daɗe yana cin sa. Ya ce, "Mun yi mishi wanka da salla, Inna. Kabarin ne ya ba mu wuya. Wurin gangaren dutse ne, kana bisa kana hangen teku, ga kurmi ko'ina, ruwa kuma ba ya ɗaukewa. Ka ce tunda gangare ne ruwan zai wuce, amma ƙasar ba ta sakin shi. Sama ruɓaɓɓen ganye ne, ka taka ka nutse, ƙarƙashi laka mai kamar toka da jan tsatsa a ciki, irin ta kwarinku. Itatuwan sun ninka kukar garin nan tsawo, amma saiwarsu bisa take yawo, ba ta iya nutsawa, iska kaɗan sai ka ji ɗaya ya kife. Duk inda muka sa shebur, kamin mu kai gwiwa ruwa ya taso. Muka ƙara hawa sama, duk ɗaya. Daga baya muna gina muna kwarfewa da kwano, muka shimfiɗa rassa da ganye mai kauri, muka kwantar da shi bisa, muka rufe da sauri."

Kaka ta ce, "Kun yi abin da kuka iya. Allah shi saka muku." Ta dube ni ta ce, "Takwara, kawo ma baƙo ruwa."

Aka yi zaman makoki, mutane suka yi ta shigowa suna yi wa Kaka gaisuwa, ni kuma a shafa mini kai a wuce. Ba wanda ya san na ji bayanin nan duka, ba kuma wanda zan iya tambaya abin da ke damuna. Mutuwar ban gama gane ta ba. Abin da na gane shi ne yana kwance cikin ruwa, shi da ko wankan sanyi ba ya so. Ina so in san ko ruwan ya kai masa fuska. Da aka watse sai na kora awaki kwari, na sami gefen wani kududdufi inda ƙasa ke da damshi, na tona rami da hannu har gwiwar hannuna. Na jera ƴan tsinke da ganyen giyayya a ciki, na gina ɗan mutum da yumɓu na kwantar da shi bisa, na zauna ina kallo. Ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe, shiru, kamar gumi. Ya jiƙa ganyen, ya hau, ya rufe ɗan mutumin. Na nemo sakaina na kwarfe. Ya sake tarowa, na sake kwarfewa. Haka na yi ta yi kullum, in na tashi daga lakwal ba na ko tsayawa cin abinci. In ɗan mutumin ya narke in gina wani.

Wata la'asar awaki suka gaji da jirana suka koma gida su kaɗai. Ina durƙushe ina kwarfa na ji motsi a bayana, na juya na ga Kaka tsaye, laka har idon sawunta. Na ɗauka duka zan sha. Ta dubi ramin, ta dubi ganyen da ɗan mutumin, ba ta tambaye ni ko mene ne ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta karɓi sakainar daga hannuna, ta shiga kwarfe ruwan da kanta. Ta daɗe tana yi, ruwan na dawowa. Can ta ajiye ta ce, "Takwara, bari haka nan. Wanga ruwa ba ya ƙarewa. Abin da suka rufe can riga ce ya tuɓe ya bari. Lawali ba ya jin sanyi."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ta bar duniya. Tana faɗinsa muryarta ta karye, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. A cikin duhun itatuwan nan, inda ba mai ganinmu, muka yi kukan da ba mu yi a gida ba. Da muka gaji ta sa hannu ta tura laka cikin ramin, na taya ta, muka daddanne. Muka hau tudu tana dafe da kafaɗata.

Yau ina zaune a Tasawa, jikoki na kewaye da ni. In na je ƙauye nakan gangara kwarin, sai dai an sare yawancin itatuwan, rairayin tudu ya malalo ya binne rabinsa, sauran kuma masu bulo sun rarake shi. Samari har gobe tafiya suke yi, ɗan kabu-kabu ya kai su Gidan Amumune su hau mota, amma kafin su kwana sun kira gida. In ajali ya sami wani a can, ranar nan za a turo hoton kabarinsa a waya, uwarsa ta riƙe ta duba, a gaya mata unguwa da maƙabarta. Ni ban da hoto ko ɗaya. Na yi ta cewa wata rana zan zauna da Baba Sha'aibu ya faɗa mini daidai inda wurin yake, nauyin baki ya hana ni, har shi ma ya tafi. Na san launin ƙasar da mahaifina ke kwance a ciki, ban san sunan garin ba.