Kututturen Orville

A garinmu na arewacin Wisconsin, in Nuwamba ta kama ba wanda ke da wata hira sai ta barewa. Kwana tara ake ba mu na farauta, a buɗe ranar Asabar, kuma tun kafin ranar za ka ga rigunan mafarauta masu ruwan lemo rataye a kowane baranda suna shan iska.

Marlys Zastrow, matar yayana Orville, ta shekara talatin da takwas cikin wannan hidima ba ta taɓa ɗaga bindiga ba. Ita ce mai tukunya. Ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, saboda haka ciyar da maza goma masu yunwa ba ya ɗaga mata hankali. Faten wakenta mai niƙaƙƙen nama da barkono ya fi bindigar mijinta suna. In an kawo barewa, ita ke yanka, ta naɗe a takarda, ta rubuta kwanan wata, ta jera a firiza. Ni dai ban taɓa jin ta ce tana sha'awar daji ba. Cewa take sanyi na marasa aikin yi ne.

A damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Orville. Ya tashi, mun gode Allah, amma hannun dama ya tafi hutu, magana kuma sai a hankali. Farauta ta ƙare masa.

Abin da ya hana shi sukuni wani kututture ne. Yana cikin dajin gwamnati, a gefen fadama, tafiyar minti arba'in daga titi. Dajin na kowa ne, doka ba ta san mai wuri ba, wanda ya riga zuwa shi ke zama. Amma shekara arba'in Orville ke wayar gari a kansa ranar buɗewa, har kowa ya saba cewa kututturen Orville. In aka wayi Asabar ɗaya ba kowa a kai, shi ke nan, wani ya gada. Kuma mun san mai gadon: Delbert Kuehn, abokin faɗansa tun suna 'yan makaranta.

Abin haushin, wurin ba shi da wani albarka. Barewa tara yayana ya samu a shekara arba'in. Na sha gaya masa da ya zauna a bayan coci ma da ya fi haka.

Wata safiya Marlys ta ajiye masa shayi ta ce, “Na yanki lasin farauta. Ni zan zauna.”

Ya daɗe yana kallonta. “Ke? Ko ɓera... kirana kike.”

“To yanzu in na kira ka, wa zai zo?”

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Marlys ba ta yin abu rabi. Mako uku tana harbin farantan takarda a bayan rumbu har kafaɗarta ta yi shuɗi. Ta wanke rigar Orville da soda, ta nannaɗe hannuwan, ta cusa a buhu da ganyen dajin don kada barewa ta ji ƙanshin gida. Ta daina sabulunta mai turare. Ni kaina ta hana ni rungumarta, wai ina warin soyayyar albasa. Sau biyu ta bi kwatancen Orville har kututturen da rana. Ta dawo da damuwa guda: yaya za ta gane hanya da asuba, da tocila kawai?

Ranar Alhamis ta warware matsalar da kanta. Muna cin abinci ta ba da labari tana murmushi. Ta sayi ƙyallen roba mai ruwan lemo, ta ɗaɗɗaura a rassa tun daga bakin titi har wurin.

Orville ya ajiye cokali. “Guda nawa?”

“Ashirin da uku.”

“Da kin kafa allo... kin rubuta ku shigo, akwai kofi.”

Nan murmushin ya ɗauke. A dajin kowa, ƙyalle gayyata ce. Duk baƙon da ya zo daga birni bai san inda zai dosa ba, shi zai bi. Shekara arba'in yayana na zagaye, yana ajiye mota nesa don ɓoye hanyarsa, ita kuwa ta tallata shi a wuni ɗaya. Na ji tausayinta ƙwarai, don ban taɓa ganin Marlys ta kasa ƙarasa abincinta ba sai ran nan.

Juma'a da hantsi muka tafi mu kwance su, ni da ita. Ba mu ga ko ɗaya ba. Marlys ta ƙara sauri, ina binta ina haki ina tsine wa saiwoyi. Da ƙyar muka laluba muka isa.

Delbert na zaune a kan wani gungume kusa da kututturen, yana shan kofi. Ƙyallayen na kan kututturen a dunƙule, an danne da dutse.

“Ka zo kama wuri tun yau?” in ji Marlys.

“Kin ga na zauna a kai?” Ya kurɓi kofinsa. “Shekara talatin ina jiran mijinki ya mutu in gaji wurin nan. Ya ƙi mutuwa, ya turo ki. Jiya na ga wasu 'yan birni biyu a bakin titi suna nuna adonki da yatsa. In ƙwace za a yi, ni zan yi, ba baƙo ba.”

“To ka kyauta. Yanzu gobe in bi me? Hancina?”

Ya tashi yana ƙorafin gwiwa, ya kai mu gindin wata bishiya, ya nuna ƙasa-ƙasa. Marfin kwalba ne mai tsatsa, an kafe da ƙusa. “Duk taku hamsin akwai ɗaya, daidai gwiwa. Ki haska ƙasa, kada ki haska sama. Orville ya kafa su tun kafin ku yi aure.”

“Ya ce ba wanda ya san hanyarsa.”

“Duk garin an sani. Ƙyale shi muka yi.” Ya rufe fulas ɗinsa. “Gobe in gari ya waye ba ki nan, zama zan yi, kuma ba zan ba da haƙuri ba.”

Bayan ya tafi Marlys ta ture ƙyallayen ta zauna a kan kututturen, karo na farko. Zuwan da ta yi a baya tsaye ta yi, tana duban sawu. Ta gyara zama, ta kalli inda wurin ya fuskanta, sai na ga ta daina motsi. Na sunkuya ta bayan kafaɗarta. Ta wata 'yar kafa tsakanin itatuwa, can ƙetaren fadama, ana hango jan rufin gidansu da bututun hayaƙin kicin ɗinta. In ka miƙe tsaye, rassa sun rufe shi.

“Tsohon banza,” ta ce a hankali. “Barewa tara.” Ta share hanci da hannun rigar da ta yi mako uku tana tattali.

A hanyar dawowa ta ƙirga marafan kwalba, ta koma ta sake ƙirgawa. A gida ba ta ce wa Orville komai ba game da Delbert. Ta jera kayanta a kan kujera, ta yanka burodin guzuri, sannan ta ce, “Gobe ka hura murhu da wuri.”

Orville ya dube ta, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce to.

Asabar tun kafin biyar motarta ta fita. Ni aka bar wa tukunya. Da gari ya fara haske na durƙusa zan hura wuta, yayana ya ture ni da gwiwa. Da hannu ɗaya ya jera itacen, a hankali, ya ɗora wani ƙato a sama.

Na ce, “Wannan ɗanye ne, hayaƙi kawai zai yi.”

Ya ce, “Na sani.”