Dakashin da aka so zubarwa

Ba zan manta da hantsin da murfin tukunya ya suɓuce mini ya yi ƙara a tsakar gida ba. Na sunkuya in ɗauka, sai na ji faya ta fashe, alhali cikin bai wuce wata bakwai ba. Maigidana ya tsallaka iyaka zuwa Malanbil da lodin albasa, don haka surukata, Inna, ita ta kai ni matarnite, wato asibitin haihuwa na nan Gaya.

Ƴar da na haifa bakwaini ce, cinyarta kamar babban yatsana, ko ƙarfin kama nono ba ta da shi. Ungozomar asibiti ta ba ni ɗan kofi, ta ce in tatso nonon farko, wannan rawaya mai kauri da muke kira dakashi, a ɗiga mata. Ta ce hanjin bakwaini bai ƙosa ba, ƙwayar cuta kaɗan sai ta kayar da shi, dakashin ne ke lulluɓe cikinsa ya zame masa garkuwa.

Inna ta ƙi. A gidansu zubar da shi ake yi, wai gurɓatacce ne, a ba jinjiri ruwa har farin nono ya zo. Ba mugunta ba ce, tsoron rasa jikarta ne ya cika ta. Ni kuwa ban taɓa yi mata musu ba, amma ranar zuciyata ba ta yi rawa ba. Na yi bisimilla na ce, "Inna, in akuyarki ta haihu, kina tatse na farkon ki zubar?"

Ta ce, "Ɗan akuyar da bai sha shi ba ai ba ya ganin damina." Ta miƙo hannu. "Kawo kofin, ƴar nan, in ɗiga mata."

Ɗigo ɗigo muka yi ta ba ta, tana kwance a ƙirjina cikin zane. Da ikon Allah ko zawo ba ta yi ba har aka sallame mu. Nan na gane Ubangiji ba ya aiko bawa bai haɗo shi da guzurinsa ba, mu ne dai ke zubarwa.

Bara na ba yarinyar labarin tana taya ni tsinke zogale. Ta dube ni ta ce, "Mama, ashe tun ban san ki ba kike yi mini yaƙi da ciwo."