Yarinyar da ta ƙi ƙirga shanunta

Shekarun baya, wata Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, na sa wata yarinya 'yar shekara huɗu kuka, ni kuma a lokacin ina ganin na zo da dabarar da ba a taɓa yi ba.

Ina aji biyu a kwalejin ilimi aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare da ke wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin in furta, sai ga ni a ajin 'yan nazare. Malamar ajin, wata mai fara'a da surutu, tana kallona ta ce, "Ƙanwata, ajiye littafin nan. A nan ƙasa muke zama."

Kullum da safe waƙa ake fara yi a da'ira, a wanke hannu da buta, a yi wasan kasuwa da gyaɗa da ganye, sannan a fito da laka. Makon farko na ɗauka shiririta ce. A na biyu ni ke riga yaran zama a tabarma.

Akwai wata yarinya, 'yar Fulanin da suka daɗe da zama a gefen garin. Idan ta kama laka, sai ka tsaya kallo. Shanu take ginawa, da tozo da ƙaho, ba wadda ta yi kama da wata, tana yi tana musu hira. Sai na ce ai ga darasin lissafi ya kawo kansa. Ranar Talatar nan na jera shanunta a gaban aji, bakina har kunne, na ce, "To, ƙirga mana su. Ɗaya..."

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta kwashe su ta zuba a hijabinta, ta fashe da kuka. Daga ranar ta daina magana a aji, ko waƙa ba ta yi.

Ranar Litinin mahaifinta ya kawo ta a babur, ya ce da malamar, "Kullum sai an yi dambe kafin ta sa kayan makaranta. In dai wasa da laka ne, muna da ita a bakin rafi. Daga Juma'a ta zauna gida."

Ban san lokacin da na ce, "Baba, don Allah ranar Juma'ar ka shigo ka gani," ba. Ya ce to. Da ya tafi malamar ta ce, "Ashe kina da baki! Me za ki nuna masa?" Wallahi ban sani ba.

Na koma gefe ina yin abin da na fi iyawa, wato kallo shiru. A wasan kasuwa na ga tana raba wa ƙawayenta gyaɗa, leɓenta na motsi, kowa biyar-biyar, ba kuskure. Ashe ta iya ƙirga! Har tsalle na kusa yi. To me ya hana ta ranar?

Laraba, wani ɗan ajin mai tsokana ya zare saniya ɗaya daga garkenta ya ɓoye a aljihu. Kallo ɗaya ta yi wa garken, ta miƙe tsaye. "Anti! Ina Mai Karkataccen Ƙaho? Shi ya ɗauke!" Malamar ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na durƙusa na ce, "Rufe idonki." Na ɗauke wata. Tana buɗewa ta ce, "Uwar Maraƙi ce." Na sake. Ta sake faɗa, yanzu tana dariya.

Kafin a tashi, wasan "saniya ta ɓata" ya cinye ajin. Kowa na gina nasa garken, yana sa suna, yana lura da wacce ta fi tsawo, wacce ba ta nan. Wani da ba ya iya jiran layi ya koyi rufe ido har a ce buɗe. Ita kuma ta zama alƙaliya, tana cewa, "Kai, wannan ba saniya ba ce, akuya ce!"

Har yau in na ga yaro ya ƙi yin abu a aji, ba na saurin cewa bai iya ba. Sai in ba shi wasa in koma gefe, domin a nan yake nuna abin da ya zo da shi daga gida. A makon nan na yanke shawarar 'yan ƙanana zan koyar, kuma su nake koyarwa.

Juma'a mahaifin ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai sauri. Ta ja hannunsa ta zaunar da shi a tabarma, da babbar rigarsa, ta ce ya rufe ido. Ya buɗe, ya duba, ya faɗi wadda ta ɓata daidai, yara suka ɗau tafi. Sau uku yana cewa zai tafi, yana ƙara zagaye.

Da ya miƙe na bi shi har wurin babur, na ba shi labarin Talatar nan, na tambaye shi me ya sa ta kuka. Ya yi dariya har yana dafa sirdin.

"Haba Malama, wa ke ƙirga shanu? Mu kiransu muke yi. Haka muka taso muka ji, in ka ƙirga su raguwa suke. Kakarta ta sha ja mata kunne. Ki ba ta gyaɗa, ki ba ta duwatsu, ta ƙirga miki har gobe." Ya taka babur ɗin. "Litinin zan kawo ta. Akwai ƙanenta ma, in kuna da sauran laka."