Muryar Jitar Maigidana

Damina ce, cikin watan Agusta, irin wadda ake shanya kaya kwana uku ba su bushe ba. Shekarar ta zo mini da nauyi, ba don wani ciwo ba. A cikinta na fara mantuwa. Sai in ɗora ruwa a wuta in fita, ko in tsaya a tsakiyar kasuwar Kubwa ina tunanin abin da ya kawo ni. Ban faɗa wa kowa ba.

Autata tana kaɗa jita a majami'armu, da ta aro. Shekararta huɗu lokacin da babanta ya rasu. Shi ma jita yake kaɗawa ranar Lahadi, sauran ranaku kuma yana gyaran wayar mota a Apo. Ba mu da kaset ɗinsa ko ɗaya. Bayan makoki 'yan'uwansa suka raba kayansa kamar yadda ake yi a wajenmu, jitar ta faɗa wa ƙanensa da bai iya kiɗa ba. Ya kai ta ƙauye ya rataye a bango, gara ta cinye ta.

Wata rana muna gyaran wake ta ce, "Mama, kamfanoni sun koma ƙera irin ta Baba. Sabuwa ce, amma ƙirar da. Ki raka ni Jabi ranar Asabar ki zaɓa mini. Ni ban san muryarta ba, ke kaɗai kika sani."

Na ce to. Shekara ashirin da biyu ke nan ban ji wannan murya ba, ga ni ina manta abin da na ci jiya. In ta tafi daga kaina, babu kuma inda yarinyar nan za ta same ta.

Shagon yana bene na biyu. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, da tabarau rataye a wuya. Ya dube ni ya dubi 'yata.

"Mama ne zai buga mana yau?"

"Oga, ita ce alƙali," in ji 'yata. "Ka sauko da masu huda biyun nan."

Ya sauko da guda uku. Ɗaya baƙa, ɗaya tsakiyarta rawaya gefenta ya yi duhu kamar ƙanzo, ɗaya ja. Kowace tana da faɗin ciki da huda biyu masu lanƙwasa a gaba. Ya ƙwanƙwasa mana da yatsa don mu ji: gefe da gefe rami ne, tsakiya kuma katako ne ya ratsa.

Jar na taɓa, don irin launin ta maigidana ce. Sai na ga fentin ya koɗe a kafaɗarta, daidai inda hannun mai kiɗa yake kwanciya. Na janye hannuna.

"Wa ya yi amfani da wannan?"

"Babu kowa, Mama. Sabo ne fil. Daga kamfani suka goge shi haka, don ya yi kama da tsoho. Mutane suna so."

Tasa ma a nan ta koɗe, amma gumin shekaru ne ya cinye wajen, ina kallo. Wannan kuwa an yi mata shaidar hannun da bai taɓa riƙe ta ba. Tsikar jikina ta tashi, kamar an shiga ɗaki an tarar da shimfiɗa da ɗumi, alhali babu wanda ya kwanta.

Na ce a ba ni kujera, na juya musu baya na fuskanci bango, don kada ido ya ruɗe ni. 'Yata ta jona baƙar a sifika ta buga wata tsohuwar waƙar sujada. Na girgiza kai. Ta ɗauki ta biyu. Na girgiza kai. Ta ɗauki jar ta buga.

Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Muryar ta buɗe ta cika shagon, kowane sauti yana jan wutsiya kafin ya mutu. Amma tasa ba haka take ba. Ko kuwa haka take, ni ce na manta? A kaina tasa gajera ce, a dunƙule, kamar mutum mai magana ƙasa-ƙasa. Na nemi ta a cikin kaina, ina jin tana kusa, na kasa kamo ta.

"Mama?"

Na ji yadda muryarta ta yi. Bakina har ya buɗe zai ce ita ce. Wa zai ƙaryata ni? Da ta rungume ta ta tafi gida tana murna, ta yi shekaru tana cewa haka babanta yake kiɗa, ni kuma ina zaune a bencin mata ina sane.

"Ƙara sauti kaɗan, oga," in ji ta. "Ƙila ba ta ji sosai."

Ya murɗa. Ita kuma ta sunkuya wajen sifikar da jitar a jikinta za ta gyara waya. Sai abin ya ƙwala wani irin kuka, siriri, mai huda kunne. Mai shagon ya yi wuf ya kashe.

"Yi haƙuri, Mama! Haka masu ramin nan suke yi in sun matsa kusa da sifika."

Kukan nan ya mayar da ni baya. Ina cikin tsohuwar majami'armu mai rufin kwano, wadda ƙanƙantarta ta sa sifikar take daidai bayan maigidana. Ana tsakiyar addu'a jitarsa ta yi wannan kukan. Fasto ya buɗe ido ɗaya ya harare shi, matan zumunta suna danne dariya da bakin mayafi. Da muka koma gida ko abinci bai ci ba.

"Ki ba ni tsohon zane," ya ce.

"Jitar ce za ta ɗaura?"

"Ke dai ba ni."

Na ba shi wata koriyar atamfa da na gama goyo da ita. Ya zauna a bakin ƙofa da almakashi, yana yanka ta siri-siri, yana tura ƙyallen ta hudojin nan da tsinken tsintsiya har cikin ya cika. Daga ranar ba ta sake kuka ba. Muryar da na saurara duk sauran shekarun aurenmu ta jitar da aka cusa wa zanena ce. Babu kamfanin da ya san wannan.

Na juyo na ce, "Malam, ara mini tsumman da kake goge su da shi, in tura a ciki."

Ya dafe ƙirji. "A'a, Mama! Ku saya tukuna. In ya zama naku, ko tuwo ku zuba masa."

'Yata ta yi dariya, amma idonta yana kaina. "Ita ce?"

"Ɗauki jar," na ce. "Ba ita ce ba tukuna."

A bas ɗin Kubwa muka tsayar da akwatin jitar tsakanin ƙafafunmu, ruwa yana dukan gilashi. Na ba ta labarin zanen. Sai da muka wuce gada biyu sannan ta ce, "In aka cusa kuma ba ta yi ba fa?" Na ce ban sani ba.

Washegari da safe, kafin mu shirya zuwa sujada, na jawo akwatina na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ragowar atamfar tana can ƙasa, ta koɗe, tana warin ajiya. Gefe ɗaya a karkace yake, inda almakashinsa ya tsaya. Daga nan na ci gaba da yankawa. Na karyo tsinke a tsintsiya, na ɗora jitar a cinyata, na tura ƙyallen ɗaya bayan ɗaya, 'yata tana durƙushe tana miƙo mini. Da ya cika na ba ta, na juya baya.

Ta buga sau ɗaya. Ban san lokacin da na waiwaya na dubi bakin ƙofa ba. Babu kowa, sai ruwa yana ɗiga daga kwano.

"Ita ce," na ce. "Buga a hankali, ki kai ta ƙarshe."

Na zauna a ƙasa na saurara har ta gama. Ranar mun makara sujada.