Sunan da Ban Rubuta Ba: Kawu Tanimu Bakanike

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Maris, 1999, bayan azahar, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Tanimu, mai gyaran injin jiragen ruwa a bakin kogi a Yelwa. Ya yi jinyar kwana shida. Ban samu jana'iza ba.

Kawu, akwai maganar da na riƙe.

Aikina na kammala jami'a shi ne ɗan hannun ƙarfe mai sarrafa kansa, irin wanda ake ɗaura wa tauraron ɗan Adam. Dole a gwada shi a ga ko zai jure jijjigar da roka ke yi lokacin tashi, kuma sashenmu ba shi da teburin gwaji. Kai ka haɗa mini teburin da tsohon injin niƙa da faifan ƙarfe. Kwana uku masu jirage suna jiranka.

A gwajin farko ka ɗora tafinka a kan teburin, ka ce, "Ɗiyata, kashe shi, notin ga na kwancewa." Na duba ma'aunina na ce, "Kawu, allura ba ta nuna komai ba." A minti na huɗu hannun ya karye. Dariya ka yi, ka ce, "To, allura ta gani yanzu?" Ka yi masa walda, ka huda kowane noti ka ɗaure da waya, yadda kake yi wa injin jirgin da zai tsallaka kogi zuwa Wara. Hannun ya yi minti talatin a kan teburin, ko noti ɗaya bai motsa ba.

Wannan ɗaurin ne malamai suka fi yabawa. Da suka tambaye ni inda na samo shi, na ce dabarata ce. Tsoro na ji kada a ce ba ni na yi aikin ba. A shafin godiya na littafin aikin ma ban sa ka ba. Sau biyu ka ce in kawo littafin a karanta maka, ina cewa sai wani zuwan.

Inna Indo, matar Kawu, ku da yara ku sani: ɗaurin nan aikinsa ne. Na rubuta wa shugaban sashen na faɗi gaskiya, ko me zai biyo baya. Ku yafe mini, tunda shi ban nemi yafiyarsa ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba Inna Indo da iyali haƙuri.

Murjanatu Lawali, Yelwa