Birkin da Sai an Taka Sau Biyu

Motata ta farko tsohuwa ce, na saye ta lokacin da nake koyarwa a Yelwa. Wata rana bakanikena ya leƙa ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu ya ce, "Malam, bututun birkin nan tsatsa ta cinye shi, har mai yake tsiyaya. A canza shi yau."

Na ce a yi maneji. A lokacin babu wanda ya kai ni iya wannan kalmar. Ba rashin kuɗi ba ne, ƙyuya ce da ganin na fi bakanike wayo. Kullum da safe sai in ƙara man birki, ƙafata kuma ta koyi halin motar: takun farko fanko, sai a na biyu take kamawa. Har na daina lura ina yi.

Maƙwabcina dattijo ne, direban motar ɗaukar yara a wata makaranta. Alfaharinsa ɗaya a duniya, tun yana saurayi yake tuƙi amma ko kaza bai taɓa takawa ba. Wata Asabar ya zo aron motar, zai kai iyalinsa ta'aziyya wajen Gubi. Na miƙa masa makulli hannu biyu. Maganar birki ta zo min har baki, na haɗiye ta. Ta yaya zan ce motata ba birki, ni da nake wanke ta kullum a ƙofar gida unguwa na kallo?

Bayan la'asar ya dawo, fitila ɗaya a fashe, gaban motar ya lotse. Shanu ne suka keto titi, ya taka birki motar ba ta tsaya ba, ya kaɗa ta cikin gona. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo.

"Malam, ka yafe min," ya ce. "Wallahi tun daga nesa na gan su. Ƙafar ce ta makara."

"Haba Baba, ba komai. Tsautsayi ne."

Har da dafa masa kafaɗa. Duk sanda na tuna wannan dafawar sai in ji kamar in nutse don kunya.

Washegari na kai motar wani gareji inda ba a san ni ba, aka canza bututun. Na ce a raina in hankalin maƙwabcin nawa ya kwanta zan faɗa masa gaskiya. Sati bai cika ba matarsa ta gaya wa matata ya ajiye aikin makarantar. Wai mutumin da ƙafarsa ta fara makara bai kamata ya ɗauki 'ya'yan mutane ba.

Na tafi wurinsa da niyyar in fayyace masa komai. Na same shi zaune a tabarma da hantsi, lokacin da ya saba yana kan hanya. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu ya shiga yi min addu'a, yana cewa samun maƙwabci mai rufa asiri irina sai an tona.

Na ce amin, na shafa, na tashi.